Tambaya: wasan wilin nan na waya kai tsaye ne, ko tsohon bidiyo ake maimaita wa yara?

Mai Caji, Tudun Wada, Gusau

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai wasan da samari suka ɗauko yanzu, Crazy Time. Bature ko Baturiya cikin kaya masu ƙyalli, a gaban ƙaton wili mai launi-launi, ana ta zuba kamar shirin talabijin, a murɗa wilin, mutane na zuba kuɗi ta waya. Sana'ata caji da sayar da data, kuma ƙanen matata da ke tsare min rumfa da rana ya faɗa ciki. Ya sami littafin makaranta ya ja masa layuka, duk inda wilin ya tsaya sai ya rubuta. Wai in lamba 1 ta fito sau biyar a jere, na shida dole bonas ne, wato wasan ƙari da ake ninka kuɗi a ciki. Abokinsa kuma ya rantse min tsohon bidiyo ne, kwamfuta ke leƙa inda aka fi zuba kuɗi ta kauce. Wanne ne gaskiya? Hukuncinsa a addini na sani, ba fatawa nake nema ba. So nake in san yadda abin ke aiki, don in na zaunar da yaron kada ya mai da ni ɗan ƙauye.

Malamin Lissafi, Ƙaura Namoda

Wa alaikumus salam, Malam Mai Caji. Su biyun duk sun kauce hanya.

Kai tsaye ne. Kamfanin da ya yi wasan, Evolution, na ƙasar Suwidin ne, an kafa shi a 2006, yana da situdiyo a Riga ta ƙasar Latbiya da wasu ƙasashe. Ya fara da wani wili mai suna Dream Catcher a 2017, Crazy Time ya biyo baya a 2020. Shafukan cacar da yaranmu ke shiga ba su suka mallaki wilin ba, haya suke yi. Shi ya sa wili ɗaya, mai gabatarwa ɗaya, ɗan Gusau da ɗan Birazil ke kallo a lokaci guda, dare da rana, ma'aikatan na karɓar juna. In ka rubuta saƙo, mai gabatarwar na iya amsa maka da baki.

Wilin na gaske ne, da hannu ake murɗa shi, akwai ɗan harshe a sama da ke karo da ƙusoshi har ya tsaya, na'ura ta karanta gidan ta biya. Gida 54 ne: lamba 1 tana da 21, lamba 2 tana da 13, lamba 5 tana da 7, lamba 10 tana da 4. Ragowar 9 su ne na bonas: Coin Flip 4, Cash Hunt 2, Pachinko 2, shi kuwa babban bonas ɗin da ake ta mafarkinsa, wanda shi ma sunansa Crazy Time, gida ɗaya tal.

To ga inda kuɗin yake. Ka ɗora naira 100 a kan 1, in ta fito a ba ka 100 a kan taka. Amma gidajen da za ka faɗi 33 ne, na ci 21. Da a haka aka bar shi, cikin kowace 100 kusan 78 ce za ta riƙa dawowa, kowa ya gudu. Sai suka sa wani ɗan allo a saman wilin, wanda kwamfuta ke juyawa kafin wilin ya tsaya, ya zaɓi lamba ɗaya ko bonas ɗaya, in an yi sa'a ya ba shi ninki, wani lokaci har sau 50. In wilin ya dace da gidan, an yi ihu. Da wannan ninkin aka ɗaga lissafin zuwa kusan 96 cikin 100 a kan lamba 1, wasu gidajen bonas kuma 94 da ɗoriya. Ba ni na ƙirƙiro ba, yana rubuce a shafin bayanin wasan, inda ba mai buɗewa.

Naira 4 cikin 100 kamar ba komai. Amma ba a kan abin da ka tura asusunka ake cirewa ba, a kan duk abin da ka ɗora ne, juyi bayan juyi. Ƙaddara yaron na sa 500 kowane juyi, ya yi juyi 60. Dubu 30 ke nan ta bi ta kan tebur ko da dubu 5 ya shigo da ita, kason gidan caca kusan 1,200. Gobe ma haka. Wanda lissafi ya riga ya ba wannan, me zai kai shi maguɗi?

Maganar littafi kuwa, wili ba ya tuna jiya. Ko 1 ta fito sau goma, a juyi na gaba gidajenta 21 na nan, na bonas 9 na nan. Shi kansa wasan yana jera sakamakon baya a ƙasan allo. Da jerin na nuna abin da zai zo, da tuni sun ɓoye shi.

Wasu kuma dabararsu su zuba a kan lambobi huɗun da bonas huɗun duka, ɗari-ɗari, 800. In 1 ta fito ka karɓi 200, in 2 ce 300, in 5 ce 600. Gida 41 ke nan cikin 54 da allo zai taya ka murnar ci alhali ka yi asara.

Dattijo, Talata Mafara

Ɗana Mai Caji, ka ce ba fatawa kake biɗa ba, na ji. Amma wanga abu sunansa caca ko da kwat ya sa. Aya ta 90 cikin Ma'ida tare ta haɗa shi da giya. Jihar ga ita ta fara shelar Shari'a a 1999 zamanin Yariman Bakura, aka fara aiki da ita a Janairun 2000, aka rufe gidajen karta. Yau gidan ya dawo aljihun yaro, inda Hisba ba ta iya leƙawa. Ka kira yayarsa ku zauna da shi tare, kada ka tozarta shi gaban abokai.

Ɗan Tsafe

Malam ya gama magana, ni dai na taɓa yi, bari in ƙara abin da lissafi bai nuna ba. Daƙiƙu kaɗan ake ba ka ka zuba, agogo na ƙirgawa, kiɗa na tashi, ba ka da sararin tunani. Kuma ko ba ka sa kuɗi a bonas ba, sai an nuna maka shi. Kana zaune a buɗe jar ƙofar nan ta shiga bonas ɗin Crazy Time, ka ga ninkin da wasu suka samu, zuciya ta ce da ka sa ko hamsin. Daga ranar ba ka ƙara barin gidan bonas ba kuɗi. A nan nawa suka tafi.

Ga matsalar sabis irin tamu. In hoto ya daskare bayan ka zuba, wilin ba ya jiran ka, in ka dawo sai dai ka tarar da sakamako. A Cash Hunt, inda ake ɓoye ninki 108 a ce ka harbi ɗaya, in lokaci ya ƙure kwamfuta ce ke zaɓar maka.

Yaya, ka duba wayarsa ko yana cikin rukunin Telegram na masu sayar da sirrin juyi. Su suka fi wilin cuta. Wanda ya san inda wili zai tsaya ba zai tsaya roƙon dubu biyunka ba.

Mai Caji, Tudun Wada, Gusau

Allah ya saka da alheri. Baba, na ji, za mu zauna. Malam, saura ɗaya: ya ce ai ba kuɗinsa ba ne, kyautar shiga ce shafin ya ba shi.

Malamin Lissafi, Ƙaura Namoda

Ka sa ya buɗe maka sharuɗɗan kyautar ku karanta tare. Galibi sai ka fara zuba naka kafin a ba ka, kuma ba ta ciruwa sai ka yi wasa da ita ninki da yawa. A shafuka da dama ma, wasannin kai tsaye irin wannan kaɗan ake lissafawa cikin sharaɗin, ko ba a lissafa su sam. Daga nan ka ce ya nuna maka tarihin asusun, ku tara abin da ya tura tun farko a gefe ɗaya, abin da ya cire zuwa banki a ɗaya gefen.