Waɗanda hadari ya taɓa ritsawa a kan kogi da iyali, ku zo mu ji

Maman Hanifa, Kaduna:
Assalamu alaikum. Maigida yana so idan an yi hutun makaranta a watan Agusta ya kai mu Yauri, mu shiga jirgin ruwa zuwa gungun da kakarsa take, wato wani tsibiri a kogin Neja, mu kwana a bakin ruwa yara su ga garin iyayensu. Ƙaramin cikinsu bai cika shekara biyu ba. Gabana faɗuwa yake yi saboda damina. Don Allah wanda ruwan sama ya taɓa kamawa a hanya irin wannan, ya gaya mini yadda ta kasance.

Abu Sadik, Yelwa:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Mu ya same mu. Mun taso daga Yelwa bayan azahar, ni da uwargida da yara da ƙanwata, da tanti da tukunya da buhun gawayi, za mu gangara wajen tafkin Kainji. Rana tsaka, sama fes. Matuƙinmu wani dattijo ne basarke. Wajen la'asar sai na ga yana ta waiwayen gabas. Can ya rage wutar inji ya ce, "Alhaji, a nan za mu tsaya." Ƙanwata ta ce, "Haba Baba, ga gungun can muna hangowa." Ya ce mata idon da ke hango gungu ba shi ke tuƙi ba, ya karkata jirgi zuwa wani sansanin masunta.

Ba mu gama sauke kaya ba iska ta iso, mai sanyi, tana tafe da ƙura da ganyaye. Iskar ce abin tsoro, domin tana riga ruwan zuwa. A kogi mai faɗi irin wannan nan take igiyar ruwa ke tashi tana dukan jirgi ta gefe. Ga kuma kututturan bishiyoyin da ruwa ya shanye tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, wanda bai san wurin ba ba zai gan su ba sai ya hau.

Tantinmu bai tsaya ba, turakunsa sun ƙi kama yashi. Matar wani masunci ta shigar da mata da yara bukkarta, inda take bandar kifi, suka kwana cikin hayaƙi da ɗumi. Mu maza muka lulluɓa da tampol a gindin bukkar. Baba kuwa bai runtsa ba, ya ja jirgin sama ya ɗaure, yana komawa da yankakken galan yana kwashe ruwan da ya taru ciki. Ashana ta jiƙe, gawayi ya jiƙe, abin da ya rufa mana asiri garin kwaki da ƙuli-ƙuli da aka ƙulle a leda.

Hajiya Ramatu, Yamai:
Mu a Bubon ne, sama da Yamai kaɗan, mun je kasuwar Laraba da jikoki muka ce mu kwana a tsibiri. Ruwa ya sauko da dare. Abin da ban manta ba, mai jirgin ya hana mu shimfiɗa a wani fili mai ciyawa mai kyau, ya nuna mana sawu a laka. Hanyar dorina ce, da dare suke fitowa kiwo. Ki sani kuma, a nan kogi sau biyu yake cika: na damina, ruwa ja wur mai ƙarfi da ke kwararowa daga rassa irin Sirba, sai na lokacin sanyi da ke tahowa daga Gini a hankali. Jan ruwan nan ba na yawo da yara ba ne.

Malam Danjuma, Ibi:
A Binuwai ko ɗigo bai sauka a kanmu ba. Mun kafa tanti a kan yashi, taurari a sama. Cikin dare ɗana ya tashe ni, wai tabarma ta jiƙe. Na haska fitila, ruwa ya kewaye mu, takalman yara na yawo. An yi ruwa ne a can sama, ya iso mana. Mun kwashi yara a kafaɗa zuwa tudu. Mutanen nan duk wanda ya ga 2012 da 2022, shekarun da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru kan kogin da ya riga ya cika, ba ya kwana a yashi da damina.

Umman Khalil, Birnin Kebbi:
Ni dai ba na goyon baya. A watan Mayun 2021 jirgi ya nutse kusa da Warra ɗauke da mutum fiye da ɗari, kaɗan suka tsira. A Bagwai ta Kano, Nuwamban shekarar, yawanci ɗaliban Islamiyya ne. Allah ya jiƙansu. Uwa da goyo me za ta iya a tsakiyar ruwa?

Abu Sadik, Yelwa:
Amin. Gaskiyarki, Umma. Amma a duka biyun lodi fiye da ƙima aka fi ambata. Shi ya sa nake cewa su ɗauki shatar jirgi su kaɗai, kada su shiga na ranar kasuwa da ake loda babura da buhuna. Su tashi da safe, don hadari ya fi haɗowa da yamma, hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ma ta hana tafiyar dare. Kowa ya sa rigar kariya, kuma ta yaro daban take. Idan ka sa masa ta babba, da ya faɗa ruwa za ta zame ta kansa.

Maman Hanifa, Kaduna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Abban Hanifa duka. Ya yarda mu bari sai an janye ruwa, kuma a gidan Kaka za mu kwana. Malam Abu Sadik, rigar yaran ana samu a Yelwa ko mu taho da ita?

Abu Sadik, Yelwa:
Ku taho da ita daga Kaduna. Ki nemi mai maɗauri ta tsakanin ƙafafu, ki gwada wa kowane yaro tun a shago: ki kama kafaɗun rigar ki ɗaga, in ta haura kunnuwansa ta yi masa yawa.