Gyara taƙaitaccen tarihin Leonardo da Vinci

Tambaya: Ɗalibata ta rubuta: "Leonardo babban mai zane ne, ya ƙera jirgin sama." Ta ina zan fara gyarawa?

Amsa ta 1: Malam, fara da jirgin nan. Bai ƙera ba, zana shi ya yi a littattafansa, ba a taɓa tashi da shi ba. Sai ta rubuta "ya zana". Sannan shekaru: an haife shi 1452 kusa da Vinci a Italiya, ya rasu 1519 a Faransa.

Amsa ta 2: "Babban mai zane" ba ya gaya wa kowa komai. Ta ambaci zanensa na Mona Lisa da zanen jibin ƙarshe (cin abincin ƙarshe na Yesu da almajiransa) da ke Milan. Kuma kada ta kira shi "da Vinci" kawai. Ma'anarsa "daga Vinci", ba sunan iyali ba ne.

Amsa ta 3: Ta ƙara cewa a Florence ya koyi aiki, wurin Verrocchio, wani mai zane da sassaƙa.