Zannuwan Mahaifiyata Nake So In Haɗa Bargo Da Su, Ku Ba Ni Shawara

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a jihar Ohio ta Amurka, shekara huɗu ke nan. Wata maƙwabciyata dattijuwa ta gayyace ni wani zama da matan nan suke yi: su kama gida a ƙauye daga Juma'a zuwa Lahadi, kowa da kekenta, ba abin da ake yi sai ɗinkin bargon ƙyallaye. Ana yanka yadi ƙanana-ƙanana, a jera launuka, a harhaɗe su su zama fuska ɗaya. Daga baya a sa auduga a tsakiya da shafi a ƙasa, a bi da ɗinki.

Bara Allah ya yi wa mahaifiyarmu rasuwa, na taho da zannuwanta bakwai daga Kano. Su nake so in haɗa wa 'yata bargo, don ba ta yi wayo da kakarta ba. Na iya ɗinkin riga da siket, amma wannan ban taɓa ba. Biyar atamfa ne, ɗaya shadda, ɗaya leshi. Launukan duk masu ƙarfi ne: ja, ruwan ɗorawa, kore shar. Yaya zan haɗa su ba tare da sun yi wa ido hayaniya ba? Kuma kwana uku zai isa? Wallahi duk lokacin da na ɗauki almakashi sai hannuna ya yi sanyi.

Hajiya Babba:
Wa'alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya sa ta huta. Kafin a je ga almakashi, zannuwan nan an raba gado sun faɗo a kasonki, ko kuwa ɗauka kika yi don kewa? Tufafin mamaci ma dukiya ce. In ba a raba ba, ki kira 'yan uwanki kowa ya yafe miki da bakinsa.

Maman Biyu:
Amin Hajiya, na gode da tunatarwa. An raba, waɗannan rabona ne.

Telar Fagge:
Allah ya gafarta wa Mama. Anti, ki cire leshi da shadda daga lissafi. Leshi ramuka ne da shi, audugar ciki za ta riƙa leƙowa, shadda kuma santsi gare ta, nauyinta daban. Atamfa da atamfa kawai.

Ki wanke kowane zani shi kaɗai. A ruwan ɗauraya ki jefa farin ƙyalle, in ya fito da launi, wannan tana zuba, kada ki kai ta kusa da mai haske. Sannan ki ɗaga kowanne ki duba shi a rana. Wajen mazauni da bakin da ake sokewa a ƙugu su ne suke fara cinyewa, ki kauce musu. Inda ya yi laushi amma zanen ya yi miki kyau, ki manna masa farin yadin nan mai gam da muke sa wa wuyan riga, mara kauri.

Anti Mai Keke:
Ni na je irin zaman nan sau biyu a Pennsylvania, bari in ɗan tsawaita. Abin da ya fi wahalar da mu da muka saba da ɗinkin kaya shi ne hakin ɗinki, wato ratar da ake bari tsakanin layin ɗinki da bakin yadi. Mu mukan bar rabin inci ko inci guda don a samu na buɗawa. Su kwatan inci ne cif, daga farko har ƙarshe. Ki lissafa: in kowane ɗinki ya zarce da ɗaya bisa sha shida na inci, ya ci ɗaya bisa takwas ke nan tunda gefe biyu ne. A layi mai ƙyalle 12 akwai ɗinki 11, kin ga kin rasa fiye da inci guda, kusurwoyi ba za su haɗu ba. Ki liƙa tef a kan keken daidai kwatan inci daga allura, ki riƙa bin gefensa.

Kada ki ɗauko zane mai wuya. Ki yanka murabba'i mai inci 5, bayan ɗinki zai koma 4 da rabi. Guda 12 a faɗi, 14 a tsawo, 168 ke nan, zai ba ki wajen inci 54 da 63. Ya ishi yarinya lulluɓa har ta girma. Fuskar kaɗai za ki gama a kwana ukun, audugar da shafin aikin wani lokaci ne.

Maganar launi kuma, ba yawansa ne matsala ba, rashin wurin da ido zai huta ne. Ki sayi yadin auduga mara zane, ruwan madara ko shuɗi mai duhu, ki riƙa sa ɗaya tsakanin kowace atamfa da 'yar uwarta. Za ki tarar sun kafe wani yadi mai gashi-gashi a bango, ƙyalle yana maƙalewa ba sai da fil ba. Ki jera duka a can, ki ja da baya ki ɗauki hoto, ki mayar da shi baƙi da fari a waya. Nan take za ki ga inda masu duhu suka taru wuri guda.

Guga kuma dannawa ake yi a ɗaga, ba a jan dutsen, in ba haka ba ƙyallen ya karkace. Su da wuƙar yanka mai zagaye suke aiki, a kan tabarmar roba da rula. Kaifi gare ta kamar reza, ki rufe ta duk sanda kika ajiye.

'Yar Damagaram:
Ni dai ban goyi bayan a yanka duka ba. Atamfar da ba irin ta yanzu ba ce, in Holan ce ma wani zanen ko Kantin Kwari kika zagaye ba lallai ki same shi ba. Ki ajiye ɗaya cikakke, wanda kika fi tuna ta da shi, 'yarki ta ɗaura ranar da ta isa. Kuma wannan zuwan na farko ki tafi da wasu ƙyallayen ki koyi hannu. Abin da aka yanka ba ya komawa.

Anti Mai Keke:
Ajiye ɗaya kam na yarda. Amma ɗage aikin gaba ɗaya ban so ba, don a can ne take da masu nuna mata. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙaƙen fata a Alabama, da tsofaffin kayan gona suke ɗinka nasu, har da wadda ta haɗa da tufafin mijinta bayan ya rasu. A 2002 aka baje barguna nasu a gidan adana zane na Houston. In kika ce musu zannuwan mahaifiyarki ne, za su zauna su taya ki awo. Ki yi gwaji a gida da ƙyalle tara, uku-uku, in kusurwoyin sun haɗu ki tafi da na Mama.

Maman Biyu:
Allah ya saka muku da alheri. Na ware mai ruwan ɗorawar, da shi ta zo sunan 'yan biyu, ba zan taɓa shi ba. Shaddar da leshin ma na mayar akwati. Na wanke huɗun yau, jan yana zuba sosai har ɗauraya ta uku. Telar Fagge, in ci gaba da wanke shi har ruwan ya washe, ko in bar shi kusa da shuɗin mai duhu kawai?