Wa ke shiga gidan yari ya duba a madadin hukumar kare haƙƙi?

Maman Abba:

Assalamu alaikum. Ƙanena yau shekararsa 3 a gidan yari yana jiran shari'a. Duk Asabar ni ke kai masa tuwo da sabulu, kuma ban taɓa jin ya ce wani daga waje ya shigo ɗakinsu ya tambayi yadda suke kwana ba, alhali wasunsu a zaune suke barci don matsi. Jiya ɗan maƙwabciyata da ya yi karatu a Indiya yake ce min a can hukumar kare haƙƙin ɗan'adam tana da mutanen da aikinsu ke nan, su zaga su gani da idonsu. Don Allah su wane ne? In sun gani, me ke biyo baya?

Ɗalibi a Delhi:

Wa alaikumus salam Yaya, Allah ya fito da shi lafiya. Gaskiya yaron ya faɗa miki. An kafa hukumar a 1993, hedikwatarta a nan Delhi, kwamishinoninta ba su taka kara sun karya ba wajen yawa, ga ƙasa mai mutum sama da biliyan 1.4 da gidajen yari fiye da 1,300. Sai ta nemi idanu a waje. Akwai wakilai na musamman da ake ba kowannensu shiyya ta wasu jihohi. Akwai kuma masu sa ido na musamman, su batu ake damƙa musu: wannan gidajen yari, wancan safarar mutane, wani tsofaffi, wani leburorin da bashi ya mayar bayi. Su je wurin, su zauna da mutanen ciki, su rubuta rahoto, hukumar ta aika wa gwamnatin jiha shawarwari ta nemi amsa.

Ban da su akwai kwamitocin ƙwararru, likitoci da lauyoyi da malaman jami'a da 'yan ƙungiyoyi, masu ba ta shawara kan lafiya, naƙasassu, yara da sauransu. Waɗannan a tebur suke aiki, wancan rukunin ke shan rana.

Abin da ya fi burge ni, a 1997 Kotun Ƙoli ta ɗora wa hukumar kula da asibitocin taɓin hankali na Agra da Gwalior da Ranchi, kuma wakilan nan suka dinga komawa shekara bayan shekara. Shugaban wuri in ya san mai dubawa zai dawo da tsohon rahotonsa a hannu, ba ya sakin jiki. Haka kuma duk wanda ya mutu a tsare, umarnin hukumar ne a sanar da ita cikin awa 24.

Barista mai ritaya:

Ɗana ka yi bayani, amma da saura. Yawancin masu sa idon nan tsofaffin manyan ma'aikatan gwamnati ne da tsofaffin 'yan sanda. Sun san lungunan aikin, ba na musu, sai dai ba kowane fursuna zai buɗe cikinsa ga wanda jiya ya cire kaki ba. Ƙawancen hukumomin kare haƙƙi na duniya da ke Janeba ya jinkirta sabunta wa Indiya shaidar mataki mafi girma a 2023 da 2024, kuma cikin dalilansa har da sa 'yan sanda binciken ƙorafin da ake yi a kan 'yan sanda. Sannan abin da hukumar ke bayarwa shawara ce, jiha tana iya jan ƙafa. Da duk zagayen nan, kusan kashi uku cikin huɗu na fursunonin Indiya jiran shari'a suke yi, kamar ƙaninki.

Hajiya, tamu ta Najeriya, wadda aka kafa a 1995, a takarda ta fi tasu haƙora. Gyaran dokar 2010 ya ba ta ikon shiga gidan yari da ɗakin tsaro na 'yan sanda, kuma hukuncinta ana iya zartar da shi kamar na babbar kotu. Mu dai kwamiti muka fi kafawa bayan ɓarna ta auku, irin na Mai Shari'a Suleiman Galadima kan rundunar 'yan sanda ta SARS a 2020 da na Mai Shari'a Abdu Aboki kan Arewa maso Gabas a 2023. Mutum ɗaya da za a ce gidajen yarin shiyya kaza a wuyansa suke, ya riƙa komawa, shi nake fatan gani.

Kada ki jira su. Rubuta ƙorafi ki kai ofishin hukumar na jiharku, ba a biyan ko kwabo. Sa ranar da aka kama shi, kotun da ta tura shi, da ranar da aka kai shi gaban alƙali na ƙarshe. Ki kai kwafi Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ki roƙi a sa sunansa cikin waɗanda Babban Jojin jiha zai duba in ya je zagayen gidan yari.

Maman Abba:

Allah ya saka da alheri, Baba. Ranar kamun na riƙe ta, washegarin sunan ɗiyata ce. Ta kotun ce ban sani ba, amma ran Asabar zan tafi da biro da takarda in tambaye shi. Da Hausa zan rubuta, za su karɓa?

Barista mai ritaya:

Rubuta da Hausarki ki je da kanki. Ki yi kwafi biyu, a buga miki hatimin karɓa a kan ɗaya ki dawo da shi gida.