Wai ninka samfur a kwamfuta yana gyara sautin DAC ko kunne ne ke yaudararmu?

Alhaji Mansur: Salamu alaikum jama'a. Sati biyu kenan da na sa HQPlayer, manhajar da ke ninka samfur (wato ƙara yawan awon sautin da fayil ke ɗauke da shi a kowace daƙiƙa ta hanyar lissafi), a kwamfutar falo, fayilolin CD ɗina na 44.1, wato samfur 44,100 a daƙiƙa, nake ɗagawa zuwa DSD256, wani tsarin sauti mai samfur miliyoyi a daƙiƙa, kafin su shiga DAC ɗina Holo May, wato na'urar da ke mayar da lambobin fayil sauti, kuma wallahi abin da nake ji yanzu ban taɓa jin shi ba a na'urar nan, kaifin nan da yake gajiyar da kunne ya tafi, muryar mawaƙi ta zauna daram a tsakiya. Ni dai maganata duk wanda ya sayi DAC mai tsada bai ninka samfur a kwamfuta ba to rabin kuɗinsa yake ji.

Injiniya Sadiƙ: Wa alaikumus salam Alhaji. Da girmanka amma ban yarda ba. CD samfur 44,100 ne a daƙiƙa, iyakar abin da zai iya ɗauka 22,050 hatz, kunnen yaro mai lafiya ma a wajen 20,000 yake tsayawa balle mu da muka haura arba'in. Abin da ba a naɗa a fayil ba babu lissafin da zai dawo da shi, ko ka ninka sau dubu. Ka zuba kofi ɗaya na fura a bokiti, furar ba ta ƙaru ba.

Bash: Yaya Sadiƙ ya gama magana. Ni da manhajar foobar2000 nake ji kyauta kuma lafiya lau

Malama Hauwa: Bash dakata tukun. Injiniya gaskiya ka faɗa cewa ba a ƙara komai a fayil, amma ai ba nan gardamar take ba. Kusan duk DAC ɗin yau, masu cif ɗin kamfanin ESS ko AKM, su ma ninkawar suke yi a cikinsu ko ka so ko ka ƙi, domin in ka mayar da lamba sauti akwai inuwar sautin da take fitowa a saman 22,050 kuma dole a tace ta, tsakanin 20,000 da 22,050 kuwa wuri ne ƙarami ƙwarai, filta mai kaifi haka da wuya a gina ta da kayan wuta zalla shi ya sa ake yi da lissafi. Abin ba sabo ba ne, tun farkon CD a 1982 Philips cif mai bit 14 suke da shi, suka ninka sau huɗu don su kamo 16. To tambayar ita ce wa zai yi lissafin, ƙaramin cif ɗin da ke cikin DAC ko kwamfuta mai ƙarfi.

Alhaji Mansur: Yauwa Malama, Allah ya saka. Abin da na kasa faɗa kenan.

Malama Hauwa: Alhaji kada ka yi saurin murna, ban gama ba. Holo May ɗinka tana da yanayin da ba ta ninka komai, in a nan ka bar ta ka ba ta 44.1 kai tsaye to sautin sama yana zubewa, a 20,000 ya kan yi ƙasa da kusan desibel 3, ga inuwar nan ba a tace ba. Don haka a naka bambancin na gaske ne, ana auna shi. Amma ka ce DUK wanda bai yi ba rabin kuɗinsa yake ji, a nan na rabu da kai, mai DAC ɗin da filtarsa ta ciki take da kyau abin da zai samu ɗan kaɗan ne in ma ya samu.

Injiniya Sadiƙ: To kin ga ai gyaran matsalar da na'urar ta jawo da kanta ake yi. A sayi abu da tsada an cire masa filta, sannan a sayi manhaja da kwamfuta a mayar masa da filtar.

Malam Nura: Injiniya to me za ka ce game da kamfanin Chord masu ƙera DAC? Rob Watts, mai tsara musu DAC, ya yi shekaru yana cewa tsawon filta shi ne yake daidaita lokacin da sauti ke farawa, bugun ganga ko tsinkar tsirkiya. DAC ɗinsu DAVE tana da tafs 164,000, wato ma'aunin tsawon filta, M Scaler kuwa, na'urar ninka samfur da suka fitar a 2018, ta haura miliyan ɗaya, tana kai fayil ɗin CD samfur 705,600 a daƙiƙa. Ni na ji su tare a wani shago a Dubai, da aka kunna M Scaler fili ya buɗe, ban yi mafarki ba.

Injiniya Sadiƙ: Malam Nura ban ƙaryata ka ba, amma wa ya riƙe rimot? Kuma kana kallo lokacin da aka kunna? Ni aikina kenan a situdiyo, sau nawa na murɗa ikwalaiza na ji sauti ya gyaru sai daga baya na ga ashe layin a kashe yake, kowa a sana'ar nan ya taɓa yi. Kuma in ɗaya ya fi ɗaya ƙara ko da rabin desibel ne kunne zai ce ya fi daɗi, ba zai ce ya fi ƙara ba. Shi HQPlayer ma ana ba da shawarar a rage masa desibel 3 saboda kololuwar da ke fitowa tsakanin samfur biyu, kuma DSD da PCM, wato tsarin da CD ke amfani da shi, ba lallai su fito da ƙarfi ɗaya a na'ura ɗaya ba. Alhaji ka auna kafin ka kwatanta?

Alhaji Mansur: Gaskiya ban auna ba, da kunne na daidaita.

Bash: To famwaya fa, wato manhajar da ke cikin na'urar kanta? na ga masu DAC ɗin kamfanin PS Audio suna ta rigima wai wannan ta fi wancan

Malam Nura: Wannan kam babu gardama ƙanena. DirectStream, DAC ɗin PS Audio, ba cif ɗin kanti gare ta ba, FPGA ce, wato cif ɗin da ake iya sake tsara aikinsa, injiniyansu Ted Smith ne yake rubuta yadda za ta yi lissafin kuma komai DSD take mayar da shi, in an sauya famwaya kamar an sauya cikin na'urar ne. Sunayen duwatsun Kolorado suke sa musu, Pikes Peak, Huron, Snowmass, Windom, Sunlight, kuma kyauta suke bayarwa.

Malama Hauwa: Eh lissafin yana sauyawa da gaske, ana iya ganin hayaniyar ƙasa ta motsa a awo. Abin da yake damuna shi ne kafin ka cire wata ka ɗora wata ka sake kunnawa mintuna sun wuce, kunne kuwa daƙiƙoƙi kaɗan yake riƙe ainihin sauti, sai dai a sami na'ura biyu iri ɗaya gefe da gefe. Kuma don Allah duk mai ɗora famwaya a garin nan ya jona da inbata. Tawa wata na'urar rabi ta kai aka ɗauke wuta, ta mutu murus, wata huɗu tana hanya kafin ta dawo daga gyara.

Injiniya Sadiƙ: A 2016 Joshua Reiss na jami'ar Queen Mary a Landan ya haɗa gwaje-gwaje 18 kan ko mutane suna bambance sauti mai babban samfur da na CD, ya ga suna yi amma da ƙyar amsoshinsu na daidai suka haura rabi, waɗanda aka horar sun fi. Wannan fa ainihin naɗi ne mai babban samfur, ba wanda aka ninka daga CD ba. Shi ya sa in na ji an ce bambancin kamar dare da rana ne nake tsayawa.

Alhaji Mansur: Injiniya ni fa ba takarda nake saurara ba, awa uku nake zama yanzu ban gaji ba, da kuwa minti arba'in na kashe. Wannan gwajin daƙiƙa goma ba zai nuna shi ba.

Injiniya Sadiƙ: Na yarda, to mu yi mai tsawo. Zan zo da mita mu sa sautin 1,000 hatz mu daidaita su kada ratar ta wuce desibel 0.1, Bash ya zauna a bayan labule da kwamfutar yana jefa kwabo, kai kuma ka saurara ko awa ɗaya ce kowanne, ka rubuta. In ka ci 9 cikin 10 ni da kaina zan sayi lasisin HQPlayer. Amma a fitar da kwamfutar daga falon, DSD256 yana sa fanka ta yi ta kuka kuma da kukan kaɗai za ka gane wanne ne.

Malama Hauwa: Ku yi zagaye biyu don Allah, ɗaya May ɗin tana yanayin rashin ninkawa, ɗaya da filtarta ta ciki a kunne. Na farko na san zai iya ci, na biyun nake son gani.

Alhaji Mansur: Goma a rana ɗaya ta yi yawa, mu raba Asabar da Lahadi, bayan la'asar. Injiniya ka taho da kebul ɗin USB mai tsawo, nawa ba zai kai ɗakin baya ba.