Abin da aka tattauna kan yaran Jamus na zamanin Hitler

Na bi maganganun 'yan'uwa daga farko kan yadda aka tarbiyyantar da waɗannan yaran da darasin da ke ciki ga tarbiyyar namu yaran, ga abin da na tsinta.

1. Kusan kowa ya yarda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daga 1939 ya zama dole yaro ɗan shekara 10 zuwa 18 ya shiga ƙungiyar matasan Hitler. Yana sa kaki, yana rataya wuƙa, taken ƙungiyar kuma "jini da daraja", ana cusa masa ƙin Yahudawa a waƙa da darasi. A 1945 irin waɗannan yaran aka tura kare Balin, babban birnin Jamus, abin da har yanzu yake sosa mini rai.

2. Shawarar da aka fi maimaitawa: kar a tsawata wa yaro don ya ce "me ya sa?". Wanda aka hana tambaya a gida ba zai iya tambayar mai bindiga ba.

3. A lura da kalmomin da muke kiran wasu ƙabilu da su a gaban yara.

4. Nan aka rabu. Wasu sun ce hali zanen dutse ne, abin da aka sha tun yarinta ba ya fita. Wasu suka kawo Hans Scholl da ƙanwarsa Sophie: sun shiga ƙungiyar da zuciya ɗaya, daga baya suka raba takardun adawa da gwamnati, aka kashe su a Fabrairun 1943. Ni dai na fi karkata nan.

5. Kan ko yaran suna da laifi, ba a daidaita ba.