Kwalbar giya ana ƙirga ta, kayan wasan yara kuwa ko oho

Maman Biyu, Gyallesu:
Salamu alaikum jama'a. Ni dai yau raina a ɓace yake wallahi. Motar wasa na sayo wa autana a kasuwar Sabon Gari ranar Asabar, irin mai fitila da kiɗan nan, ko kwana uku ba ta yi ba murfin batirin ya ɓalle don ko ƙusa ɗaya babu da ta riƙe shi, ina wanke-wanke sai na ga yaro yana ta mamular wani abu, na sa yatsa na zaro ɗan batirin nan mai kama da maɓallin riga daga bakinsa. Har yanzu jikina rawa yake. Kwalin babu sunan kamfani babu adireshi. Maganata ɗaya ce, gwamnatin da ta san yawan kwalaben giyar da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Apapa a Legas saboda akwai kuɗin fito a kai, ita ce ba ta san abin da ke shiga bakin 'ya'yanmu ba. Inda kuɗi yake nan idonsu yake.

Nas a Tudun Wada:
Innalillahi. Yaya ki gode wa Allah da kika gani. Batirin nan in ya maƙale a maƙogwaro cikin awa biyu yana iya ƙona wurin, ba sai ya fashe ba. Duk wadda ɗanta ya haɗiye kar ta tsaya ba shi manja ko ta sa shi amai, asibiti kai tsaye.

Malamin Kongo:
Allah ya ƙara tsarewa Hajiya. Amma fa kin haɗa abu biyu da ba gidansu ɗaya ba. Kuɗin fito aikin kwastam ne, ingancin kayan wasa aikin SON ne, wato hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, magani da abinci kuma na NAFDAC. Kuma doka akwai ta, kayan wasan yara suna cikin kayan da sai da takardar shaidar inganci ta SONCAP ake shigo da su, tun can ƙasar da aka ƙera su ake gwadawa. Ba za a ce babu kulawa sam ba.

Maman Biyu, Gyallesu:
Malam to ina takardar take a jikin motar da na saya? Ni uwa ce, ba a Apapa nake ba.

Tsohon Ɗan Fito:
Bari in sa baki tunda na yi shekaru ina fitar wa 'yan kasuwa kaya a Legas kafin in dawo gida. Hajiya ta faɗi gaskiya rabi. Giya tana da sauƙin ƙirgawa ne saboda masu shigo da ita ƙalilan ne, manyan kamfanoni, kwantena guda kaya iri guda, lita kaza. Wasu ƙasashen ma har ƙayyade ta suke yi, misali Suwizalan ta yanke lita miliyan 170 na giyar inabi a shekara da za a shigo da ita a kan haraji mai sauƙi, in an wuce wannan adadin sai harajin ya yi tsalle sama, don manoman inabinsu su samu su sayar da nasu. Namu ba haka aka gina shi ba, tun 2015 jadawalin ECOWAS muke bi mai hawa biyar, 0 da 5 da 10 da 20 da 35 cikin ɗari, sai abin da gwamnati ta ɗora a kai. To kayan wasa fa? Mutum goma za su haɗa kuɗi su cika kwantena ɗaya a Chaina, wannan takalma wannan fitilu wannan 'yar tsana, a rubuta abu ɗaya a takarda. Wa zai zauna ya buɗe katan dubu yana duba murfin batir? Ga wanda ke biyowa ta Kwatano da Maraɗi da ko takardar ma babu.

Ɗan Samaru:
Ai ka gama ba ta gaskiya gaba ɗaya ba rabi ba Baba. Ka ce suna ƙirga mai sauƙi mai kawo kuɗi su bar mai wuya mai kashe yara, to me ta ce in ba haka ba

Mai Shago, Sabon Gari:
Ni kayan yara nake sayarwa shekara da shekaru kuma na san za a zage ni amma sai na faɗa. Hajiya Allah ya ba ki haƙuri, amma ku iyaye ku ne kuke zaɓa. In na ajiye mai kyau mai murfi da ƙusa na ce dubu kaza sai ku ce Alhaji ka cika tsada ku wuce gaba wajen mai baro, in sallah ta zo bindigar roba da tabarau da agogon leda kafin azahar sun ƙare, mai kyan kuma yana nan yana shan ƙura har wata sallar. Mu ma a Kano muke saro su ba mu muka ƙera ba.

Maman Biyu, Gyallesu:
Alhaji araha ba ta ado mun sani, amma ni na sayi araha ne ban sayi ajali ba. Talaka ba shi da haƙƙin ɗansa ya yi wasa ya kwana lafiya?

Nas a Tudun Wada:
Ku bar ma zancen araha da kayan waje. Mutanen Zariya mun manta My Pikin ne? Ƙarshen 2008, maganin haƙoran jarirai, a Legas aka yi shi ba daga ketare ya zo ba, kamfanin Barewa. An haɗa shi da sinadarin da ake sawa a man birki, yara suka dinga zuwa fitsari ya tsaya cak ƙoda ta daina aiki, asibitin koyarwa na Shika yana cikin wuraren farko da aka fara ganinsu. Yara 84 aka ƙirga a ƙasar nan. Iyayen nan a kemis suka saya da kuɗinsu don suna son 'ya'yansu. Kuma kafin nan a 1990 an yi irinsa da ruwan farasitamol, yara sama da 100. Shekara 18 tsakani, guba iri ɗaya.

Malamin Kongo:
Wannan misalin ai ni yake goya wa baya ƙanwata. NAFDAC ta rufe kamfanin, an kai kotu, a 2013 babbar kotun tarayya a Legas ta ɗaure ma'aikatansa biyu shekara 7 kowanne. Ga maganin tari mai kodin da aka hana a 2018. Har a Amurka ma sai da aka janye miliyoyin kayan wasan kamfanin Mattel a 2007 saboda fenti mai dalma da ƙananan maganaɗisu kafin suka tsaurara dokarsu a 2008. Ko'ina haka abin yake tafiya.

Ɗan Samaru:
Malam duk misalanka bayan an yi jana'iza ne fa. Kodin sai da BBC ta tona asiri kafin aka motsa. Kuma tunda giya ake magana, giyar leda fa? Ita da ake sayarwa kamar fiya wata yaro ɗan firamare ya sa a aljihun wando, NAFDAC da kanta ta ce saboda yara za ta hana, aka ba kamfanoni shekara biyar tun 2018, wa'adi ya cika ƙarshen Janairun 2024, masu kamfani suka yi ca da zanga-zanga sai aka ƙara musu lokaci. Ku gaya min wane ne ya taɓa yin zanga-zanga saboda murfin batir

Tsohon Ɗan Fito:
Nan kam ban da ta cewa yaro, ka kama ni. Sai dai ka sani masu giyar suna da ƙungiya da lauyoyi da ma'aikata dubbai da za su ce za a kora, shi ya sa ake jin su.

Hajiya Babba, Ƙofar Doka:
'Ya'yana kuna ta gwamnati gwamnati, kwallin da muke rambaɗa wa jarirai ranar suna fa? Jikata likita ce ta ce min dutsen kwallin nan dalma ce a ciki, irin wadda ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 wajen haƙar zinare. Na yi mata musu na ce mu da shi aka rene mu, ta ce Hajiya ai ba faɗuwa yaro yake yi ba, ƙwaƙwalwa take ci a hankali. Wannan kuwa babu kwastam a ciki, a faifai ake sayar da shi a bakin kasuwa, ni kaina na sayo na ba da gudummawa ba sau ɗaya ba.

Maman Biyu, Gyallesu:
Kai Hajiya kin sa gabana ya sake faɗuwa, akwai shi a ɗakina yanzu haka. Amma ko shi ɗin ai da an yi ta faɗa a rediyo kamar yadda ake shelar rigakafi da mun ji. Ban janye maganata ba.

Mai Shago, Sabon Gari:
Hajiya motar ja ce mai hoton ɗan sanda a gefe? In ita ce ina da katan biyu a sito. Turo min hoton murfin in gani, gobe in na buɗe shago zan sa yaro ya bi su ɗaya bayan ɗaya da salatif kafin in san yadda zan yi da wanda ya saro min.